Gurbin Dutse Ɗaya a Sarƙar Murjani

Yayyena da ƙannena, ku ba ni aron hankalinku. Duk wadda ta zauna a ajina zamanin da nake koyarwa ta san ba na sakin magana sai na auna ta, kuma ban kai waɗannan shekaru don a same ni da zancen da ba shi da tushe ba. Ga abin da ya faru a shagon duwatsun ado na Hajiya Sahura, a Tudun Wadan Zariya. Idan na kai ƙarshe, hukunci naku ne.

Hajiya Sahura mace ce da ake ba ajiya a juya baya. Tana sayar da duwatsun wuya da na jigida, tana gyaran sarƙa da 'yan kunne, tana kuma koyar da mata sana'ar a kan dogon tebur a ƙuryar shago. A lokacin ɗalibanta uku ne, dukansu sababbin hannu. Akwai Barira, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, zaman gida ya ishe ta. Akwai Hansatu mai faran-faran, wadda takan san sunayen jikokin mai saye kafin ta gama naɗe mata kaya. Sai Kubura, mai nawa, wadda takan yini a kan abin hannu ɗaya har a riƙa yi mata tsiya.

Ana nan aka yi wa Hajiya Sahura aikin ido, likita ya hana ta ko zura allura. A makon ne Hajiya Delu, matar babban ɗan gidan Malam Barau, ta zo da wani ƙunshi. Sarƙar murjani ce ta gado. Al'adar gidan ita ce, duk 'yar da aka aurar takan sa ta ranar buɗar kai, bayan biki a ƙara dutse ɗaya da sunanta a ƙarshen jeri. Ke nan jerin duwatsun shi ne jerin matan gidan, daga kakar kakanni zuwa amaryar bara. Bikin 'yar Hajiya Delu ya matso, maɗauri ya saki, shi kaɗai take so a sake.

Hajiya Sahura ta karɓa, ta ɗaga don ta ji nauyi. Tsohon zare ya tsinke. Murjani ya zube cikin babban farantin jajayen duwatsun kwaikwayo da ake koyo da su, ya gauraye.

"Hajiya," in ji Hajiya Delu, murya ƙasa-ƙasa, "ni aure ya kawo ni gidan nan. Idan na koma da ita a hargitse, har in mutu za a ce a hannuna ta lalace."

"A hannuna ta tsinke," in ji Hajiya Sahura. "Sunana ne a gaba kafin naki. Ki ba ni zuwa jajiberin biki."

Barira ce ta fara. Ta hana kowa taɓa farantin, ta zauna tana ɗaukar duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Na roba ba su ba ta wuya ba, don ba su da nauyi. Na gilashi ne suka yi kama da na gaske har ido ya kasa raba su. Amma yatsun da suka saba laluben jijiya a hannun jariri sun ji abin da aka koya mata: gilashi santsinsa ɗaya ne, murjani kuwa yana da siraran layuka da 'yan ramuka. Da ta gama, ta jera abin da ta tsinta a gefen tsohon zaren, ta ga tsawon bai cika ba. Ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta bi shagon lungu-lungu, har ta sami na ƙarshe a ƙarƙashin tabarmar salla.

Duwatsu sun cika, amma ba wanda ya san jerinsu sai Gwaggo Yalwa, ƙanwar marigayi Malam Barau, wadda ta daina taka gidan tun wani bikin suna da aka manta kai mata goro. Hansatu ta ce ita za ta je. Da ta isa wurin Gwaggo, ta gaishe ta, ta taya ta tsinkar zogale, ta saurari ƙorafinta daga farko har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta kwance ƙunshi, ta ɗauki dutsen da ya fi girma.

"Gwaggo, an ce mini wannan ne na farko."

"Wa ya ce? Delu? Wannan na Inna Kande ne, mai son a gan ta, shi ya sa ta zaɓi ƙato. Miƙo nan, kada ku ɗora 'ya a kan uwa."

Tsohuwa ta riƙa kiran suna tana miƙo dutse, Hansatu tana jerawa cikin tsagin kara don kada su motsa. Da za ta tafi, Gwaggo ta ce za ta zo bikin, don kada a sa wa yarinya sarƙa a juye.

Saura zurawa. Dutsen farko, mafi tsufa, ya tsage a baki, raminsa kuma ya toshe da ruɓaɓɓen zare. Da an tura allura da ya rabe biyu. Kubura ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta murza zaren siliki da kakin zuma har ya yi tauri, ta riƙa tura shi kaɗan-kaɗan ba allura.

"Kubura," in ji Barira, "amarya za ta haihu kafin ki gama."

"To, sai mu sa wa jaririyar," in ji Kubura, ba ta ɗago kai ba.

Zare ya ratsa, dutse bai fashe ba. Ta zura sauran, ta yi ƙulli tsakanin kowane dutse da ɗan uwansa, yadda ko zare ya sake tsinkewa ɗaya ne kawai zai faɗi. Ta ɗaura sabon maɗauri, Hajiya Sahura ta shafa daga wannan baki zuwa wancan, ta yi hamdala.

An yi buɗar kai lafiya, amarya ta sa sarƙar iyayenta, ba wanda ya sami abin faɗa a kan Hajiya Delu ko a kan shagon. Bayan biki Gwaggo Yalwa da kanta ta rako sarƙar don a ƙara dutsen amarya. Nan ta faɗi wata ƙa'ida da na baya ba su sani ba: duk lokacin da sarƙar ta watse aka ceto ta, macen da ta cece ta takan sami gurbin dutse a cikinta, a riƙa kiran sunanta tare da matan gidan ko da ba jininsu ba ce. Gurbin ɗaya ne, kuma Gwaggo ta ce ba a zamaninta za a mai da shi uku ba.

Hajiya Sahura ta ce ita hannunta tsinkawa kawai ya yi, a cire ta. Ɗaliban ba su yi jayayya ba, kowace sai yabon 'yar uwarta take yi. Amma washegari kowace ta zo da nata dutsen ƙulle a bakin gyale.

To, tsakanin wadda ta tsamo murjani daga cikin na kwaikwayo, da wadda ta dawo da jerin sunaye, da wadda ta zura ba ta fasa ba, dutsen wacce ya cancanci shiga wannan gurbi?