Sunan Ƙanwar Lantana

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

Barau maɗinki yana da jaririya, Lantana, wadda wani jan ƙari ya fito mata a fatar ido. Kullum girma yake. A asibiti aka ce in ya rufe idon, ganin ya tafi ke nan, ga shi ta yi ƙanƙanta da tiyata. Barau, wanda ko keken ɗinkinsa bai kai shi surutu ba, sai ya yi tsit, tsoro ya cika shi.

Akwai wata nas, Hansatu, mai ido kamar na mai tsintar shinkafa. Ita ta tuna wani yaro da aka ba maganin hawan jini saboda zuciyarsa, sai irin wannan ƙarin da ke wuyansa ya motse. Ba wanda ya lura sai ita. Ta dinga bin likita da maganar har aka saurare ta.

Likitar, Dakta Rakiya, ta bincika ta ga akwai hujja. Amma hukuma ba ta amince da maganin don wannan ciwo ba, in abu ya ɓaci aikinta ne zai tafi. Ta zaunar da Barau ta faɗa masa haɗarin duka.

Ya ce, "Likita, da 'yarki ce, za ki ba ta?"

Ta ce, "Zan ba ta, Malam." Ta rubuta, ta sa hannu.

Sai dai ƙwayar ta manya ce, guda ɗaya ta isa ta tsayar da zuciyar jaririya. Sa'adatu mai haɗa magani ce ta niƙa ta, ta narkar, ta auna daidai nauyin yarinyar, tana sake awo duk sanda ta ƙara ƙiba.

Ƙari ya fara koɗewa, ya motse. Wata safiya Lantana ta buɗe ido biyu tar, ta kalli ubanta, ta damƙi gemunsa. Barau ya yi kukan murna, ranar duk layin maɗinka sun sha surutu. A gabansu ya yi alkawari, in Allah ya sake ba shi mace, sunan wadda ta ceci idon nan zai sa mata.

Allah kuwa ya ba shi. Yau ranar suna, ga rago a ɗaure, ga liman ya miƙo kunne, Barau kuma bakinsa ya sake mutuwa.

To, Hansatu, Rakiya ko Sa'adatu, sunan wa zai raɗa?