Zangarniyar Gero a Kan Allo

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, ku za ku raba ta.

A Gumel an yi wani dattijo, Malam Tanimu, wanda ya yi shekara talatin yana aikin gona na gwamnati. Ya tara irin gero da dawa da wake na gargajiya fiye da ɗari biyu, kowanne ya san sunansa da ƙasar da yake so. Da mantuwa ta fara kama shi, sai ya ce yana son ya rubuta su kafin su tafi da shi kabari.

Babban ɗansa Tasi'u ya yi wata huɗu yana rubuta masa manhaja ta kwamfutar tebur, mai gurbin suna da hoto da lokacin shuka. Don ya faranta wa uban rai, sai ya cire kibiyar nan da ke yawo a allo idan an motsa linzamin kwamfuta, ya zana zangarniyar gero a madadinta. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya sa masa albarka. Amma bayan kwana shida ya rufe kwamfutar da zane, ya ce, "Ku bar ni, kaina ne ya ƙare." Ya daina fita zaure, abinci ma sai an lallashe shi.

Barira, 'yarsa ta tsakiya, ba ta san komai a rubuta manhaja ba, ɗinki take yi. Ta baro ɗakin mijinta ta zo ta ce, "Baba, buɗe ka koya mini." Kwana uku tana gefensa, ba allon take kallo ba, hannunsa take kallo. Ta gane bai san inda tsinin zangarniyar yake ba, sai ya danna gefe. Kuma a ofis ya saba kibiya ta zama hannu a wurin dannawa, ta zama tsayayyen layi a wurin rubutu, ta zama zobe mai juyawa idan na'ura tana aiki. Zangarniya kuwa ba ta canzawa, sai ya yi ta dannawa har komai ya cakuɗe. Ta ce, "Baba, kanka lafiya lau. Abin ne ba ya yi maka magana."

A lokacin Tasi'u ya tafi aiki wata ƙasa, ba a samunsa. Autansu Mansir, wanda ya fi shi sanin wannan fanni, da ya ji abin da Barira ta gano, sai ya bi rubutun yayansa layi-layi har mako biyu. Bai zana sabon abu ba. Ya sa manhajar ta riƙa kiran alamomin da kwamfuta ta zo da su, kowace a muhallinta. Zangarniyar kuma ya mayar da ita saman shafi, don kada ran Yaya ya ɓaci.

Kafin ruwan farko Malam ya shigar da iri ɗari biyu da goma sha ɗaya. Da Tasi'u ya dawo, sai Malam ya tara su ukun, ya ɗaga makullin ɗakin da yake ajiye irin, ya ce guda ɗaya ne, kuma duka yana son su.

Ba don Tasi'u ba babu manhaja, ba don Barira ba da ba a san ciwon ba, ba don Mansir ba da ba a warkar ba. To, ku faɗa mini, a hannun wa Malam zai sa makullin nan?