Gizo da Jiƙon Filasko

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso nan kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata rana Kura ta yi ci ya wuce misali, ciki ya ɗaure tamau, kwana uku ba ta zaga ba. Sai ta sa aka yi shela cewa duk wanda ya kwance mata ciki, cinyar rago tasa ce.

Gizo kuwa, kun san shi da kwaɗayi, ko sabara bai sani ba, amma ya ji nama. Ya tafi wurin Bushiya, tsohuwa mai magani, ya durƙusa har ƙasa, wai matarsa Ƙoƙi ce ba lafiya, cikinta ya ɗaure. Bushiya ta ce ya samo ganyen filasko, ya shanya a inuwa, ya daka, ya jiƙa da tsamiya. Tana shirin faɗa masa awo, gogan naku har ya kai bakin ƙofa, wai ya gane.

Abin da ake ɗiba da yatsu uku, Gizo ya antaya tafi biyar, wai don ya yi saurin aiki.

Ya ɗauki jiƙon a ƙwarya, ya tarar da Kura kwance tana nishi. Ta leƙa ƙwaryar, ta ce, "Malam Gizo, ai mai magani shi ke fara kurɓa."

Al'ada ce, ba yadda zai yi, ya kurɓa. Kura ta ce ba ta ga maƙogwaro ya motsa ba. Ya ƙara. Ta ce ƙuda ya gifta mata ido. Ya kafa kai sai da ya shanye rabi. Kura ta ɗan kurɓi saura, can ta zaga ta dawo tana hamdala, ta miƙa masa cinya.

Ƙoƙi ta gasa nama, ƙamshi ya cika gida. Gizo ya kai loma baki ke nan, ciki ya ce ƙululu, ya ruga bayan gida. Ya dawo ya ga cinya ta ragu, Ƙoƙi ta ce gishiri take ɗanɗanawa. Ya sake rugawa, ya dawo, ta ce yaji ne bai ji ba. Na uku kam ya daɗe, wallahi har ni ya ba ni tausayi. Ya dawo yana dafa bango, ya tarar da ƙashi fes.

Ƙoƙi ta lashe yatsa, ta ce, "Sannu Maigida. Mai gudawa ba ya cin maiko, ga kunu na dama maka."

To kun ji. Sanin ganye ba shi ne sanin magani ba, wanda bai tsaya jin awo ba cikinsa zai gaya masa.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya kama tabarmarsa.