Tuffa Mai Tabo

An yi wani sarki a ƙasar tsaunuka, sunansa Barau. Kwana bakwai da rasuwar mahaifiyarsu, ƙanensa Tanimu ya gaya masa baƙar magana a bainar jama'a. Sarki ya ce gobe zai kore shi daga ƙasar. "Tuffa ɗaya in ta ruɓe," in ji shi, "kwando duka take ɓatawa."

Waziri Shantali, wanda a gabansa su biyun suka girma, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da ka ambaci tuffa, ko ka ji labarin Ladingo?"

Sarki ya ce, "Faɗi mu ji."

Waziri ya ce, "Ladingo gwana ce wajen zaɓen tuffa. Sai ta ɗaga ta ji nauyi, ta latsa ta ji tauri, ta sansana, kana ta jera su a gindin randa don sanyi. Wata safiya ta ga ɗaya ta yi tabo. Ta ɗaga hannu za ta wurgar, sai kakarta Hajjo ta ce, 'Tsaya, 'yar nan, ki ji abin da ya same ni.

'Shekarar da kakanku ya kwanta ciwo, kwana huɗu bai sa komai a baki ba. Tuffa ɗaya ta rage mini, ita ma ta faɗi ta bugu. Na yanke wurin, na fere sauran, na dafa da kanumfari da ɗan zuma har ta yi lugub. Ya sha cokali uku, ya dube ni ya ce, "Hajjo, ƙaro." Daga nan ya fara samun sauƙi. Mai tabo ba ruɓaɓɓiya ba ce, faɗuwa ta yi. A ware ta, a fara da ita.'

"Ladingo ta sauke hannu, ta nemi wuƙa. To, ranka ya daɗe, wata biyar Tanimu yana jinyar gyatumarku, a cinyarsa ta cika. Wanda ya yi irin wannan faɗuwa, yaya zai rasa tabo? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Sarki ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Baba, gaskiyarka. Ina ta karɓar ta'aziyyar mutane, shi ko sannu ban yi masa ba."

Dogarai suka zabura za su kirawo Tanimu.

Sarki ya ce, "Ku zauna. Ni zan je."