Wasiƙar Gide da Takin Pauwa

A Pauwa an yi wani mutum, Gide, wanda ya taɓa aikin masinja a Kaduna shekara biyu. Abin da ya dawo da shi gida shi ne tsohon ƙamus marar bango da kuma son manyan kalmomin Turanci. Gide ba mugu ba ne, amma ko akuya ya gani mai ƙiba sai ya liƙa mata Turanci.

Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na ta rabon abubuwa. Sai aka aiko daga ofishin gona na Kankara cewa za a raba takin zamani kafin ruwa ya sauka. Kowane gari ya aiko da wasiƙa da Turanci kafin Alhamis, a faɗi sunan gari da yawan buhunan da ake so. Baba Mamuda, mai unguwa, ya kira Gide ya miƙa masa takarda guda.

"Rubuta Pauwa, buhu ɗari da ashirin. Shi ke nan."

"Haba, Baba!" in ji Gide. "Kai in ka tahi gun hakimi, kana shiga sai ka ce a ba ka? Ai sai ka faɗi ka yi gaisuwa tukuna. Turanci ma haka yake."

Baba Mamuda ya ga kamar da gaskiya a ciki, ya ƙyale shi.

Gide ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ya buɗe ƙamus. Ya fara da "giret", wato babba. Sai ya ga kalmar ta yi arha, ko direban tifa ana ce masa haka. Ya ƙara "maiti", mai ƙarfi. Sai ya tuna wannan ta fi dacewa da ɗan kokawa, kada jami'in gona ya ji an raina karatunsa. Ya lalubo "maganifisan", ƙasaitacce, wadda ya ji an faɗa wa wani bene a Kaduna. Daga nan ya gano "majastik", ta masu sarauta, ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Kowace ya samu sai ya ga ta baya ta yi kaɗan, kuma ba ya iya goge ko ɗaya.

Kwana uku yana abu guda. Ranar Laraba Baba Mamuda ya zo ya tsaya a kansa.

"Gide, mutanen Mabai tun Litinin suka kai tasu. Layi uku kawai."

"Layi uku? Wannan ai zagi ne, Baba. Bari ka ga wa za a fara ba."

Da yamma ya karanta wa matarsa Suwaibatu, yana fassarawa yana kaɗa kai. Takardar ta cika gaba da baya, har gefe ya bi da ƙananan haruffa. Suwaibatu ta ajiye muciya.

"To, Malam, ina takin?"

"Wane taki?"

"Wanda aka sa ka roƙa. Ni dai ban ji shi ba."

"Ke mi kika sani? Babban mutum ba a yi mishi gatsau. In ya ji wanga yabo, shi da kanshi zai san abin da ake nufi."

Ya naɗe takarda, ya hau keke ya kai Kankara.

Mako biyu suka wuce. Hadari ya fara haɗuwa. Motar taki ta shiga Mabai, aka ji ta sauke a Sheme, Pauwa shiru. Baba Mamuda ya tasa Gide gaba har ofis. Suna shiga Gide ya hango wasiƙarsa a manne jikin bango, ya taɓa Baba Mamuda yana murmushi.

Akawun ofishin, Malam Sha'ibu, ya miƙe da murna. "Kai ne mai wannan? Wallahi maigida ya ji daɗinta, duk baƙon da ya zo sai an karanta masa. Amma daga wane gari take? Mun duba sama da ƙasa, babu suna, babu buƙata."

"Pauwa!" Baba Mamuda ya daka tsawa. "Buhu ɗari da ashirin!"

"Ayya, Baba. Jiya aka loda na ƙarshe. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Haka Baba Mamuda da Gide suka koma gida ba ko buhu ɗaya.

Da kaka ta yi, dawar Mabai ta fi mutum tsawo, ta Pauwa kuwa ko jaki ya shiga ana hango kunnuwansa. Ranar da aka fara cin sabon hatsi, Suwaibatu ta ajiye wa Gide malmala guda, ƙarama kamar ƙwan zabuwa. Ya dubi kwano, ya dube ta.

"Mi ke nan?"

"Ci, Malam. In bai ishe ka ba, ka ce mishi maganifisan."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kalma komai girmanta tana da wurinta da ma'auninta. Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma in an aike ka, fara faɗin abin da ya kawo ka, kuma ka saurari wanda ya ce bai ji shi ba. Gide ya san kalmomin girma har huɗu, amma sunan garinsu da aka aike shi ya rubuta, bai bar masa ko layi ɗaya ba.