Wasiƙu Ɗari Huɗu na Dakta Yahuza

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, shekaru da dama da suka wuce. Ku matso, jama'a, na baya ku ɗan yi shiru. Wannan bawan Allah ana ce masa Dakta Yahuza, malami ne a jami'a, aikinsa binciken ƙwaƙwalwa. Mutum ne siriri marar yawan magana, a tsohon babur yake zuwa aiki. In ka gan shi a layin alwala ba za ka ce ya taɓa shiga aji ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne farfaɗiya a jikin yara. Kun san ta. Yaro ya yi shekaru yana shan magani, iyaye su yi ta tambaya, "Likita, yaushe za a daina?" Likita kuwa ba shi da tabbas. Sai Yahuza ya auna yara fiye da ɗari biyu da wata na'ura da ake manna wayoyinta a kai, tana zana motsin ƙwaƙwalwa. A cikin zanen ya ga wata alama: duk yaron da ke da ita, in an tsayar masa da magani, ciwon ba ya dawowa. Ya rubuta maƙala, shi da shugaban sashensu, Farfesa Badamasi, wata babbar mujalla ta ƙasar waje ta buga.

To ku saurara, don sai kun gane wannan za ku gane labarin. Su masu bincike, ƙirga musu ake yi. A ƙirga maƙala nawa ka buga, sannan a ƙirga sau nawa wasu masana suka kafa hujja da kai a nasu rubutun, suka ce, "kamar yadda Yahuza ya nuna." Kamar dai yadda muke cewa wane ya ruwaito daga wane. Da wannan ƙidaya ake ƙarin girma, da ita ake kiran mutum taro a ƙasashe. Sauran rubuce-rubucen Yahuza, wani sau biyar aka ambace shi, wani sau goma. Amma wannan maƙala guda, cikin shekara shida, sau ɗari huɗu da goma sha biyu aka kafa hujja da ita. Ita ce sunansa. Ita ce za ta kai shi kujerar farfesa, saura sati uku kwamitin ƙarin girma ya zauna.

Ranar wata Talata da hantsi, yana shirin sabon aiki, sai ya ɗauko tsohon littafin asibiti da aka rubuta sakamakon yaran nan a ciki, yana gwada shi da abin da ke cikin kwamfuta. Yana zuwa kan yaro na sittin ya tsaya. An tsallake layi ɗaya wajen kwafa. Daga nan har ƙasa, sakamakon kowane yaro ya koma kan sunan na bayansa. Kuma ba wani ne ya kwafa ba, shi ne da hannunsa. Ya gyara, ya sake lissafi. Alamar nan ta ɓace. Ya sake, ya kuma sakewa. Babu ita. Ashe tun farko babu ita.

Jama'a, ba wanda ya sani. Ku riƙe wannan. Daga shi sai Allah.

Ya ɗauki littafin ya nufi ofishin Farfesa Badamasi, ya buɗe masa shafin. Farfesa ya duba, ya cire tabarau, ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai ne na farko, ranka ya daɗe."

"To, ya tsaya a nan. Ban ce ka yi ƙarya ba, Yahuza. Na ce ka jira. Kwamiti ya zauna, a ba ka kujerarka, in an kwana biyu sai mu saka ɗan gyara a wani rubutu, a hankali, ba hayaniya."

Yahuza ya ce, "Ranka ya daɗe, sati ukun nan da za mu jira, akwai likitan da zai karanta maganata ya tsayar wa yaro magani. Yaron nan yana iya faɗuwa a bakin murhu, ko a bakin rijiya."

"Har da sunana a kan takardar nan, ka manta?"

"Ban manta ba. Zan rubuta cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai, don nawa ne. Amma yau zan rubuta."

Farfesa ya ce masa ya fita. Ya fita.

Da ya koma gida cin abincin rana, ya zaunar da matarsa Saude ya faɗa mata komai. Ita ma ta yi shekaru tana jiran wannan kujera tare da shi. Sai ta ce, "Dakta, in ka yi shiru, za ka iya zama a kanta hankalinka kwance?"

Ya ce, "Ba zan iya ba."

Ta ce, "To ci abincinka ka je ka rubuta."

Ya rubuta wa editan mujallar cewa a janye maƙalar, ga dalili, ga shafin littafin. Edita ya amsa cewa sun gode, za a janye, amma sanarwar ba za ta fito ba sai bayan wasu watanni. Wani a nan zai ce ai ya sauke nauyi. Yahuza bai ga haka ba. Ya ce mutum ɗari huɗu da goma sha biyu sun ɗauki magana daga bakina, ba daga bakin edita ba. Sai ya fitar da sunayensu duka, ya shiga neman adireshinsu, yana rubuta musu ɗaya bayan ɗaya: "Ni ne Yahuza. Ka kafa hujja da aikina a shafi kaza. Aikin nan akwai kuskure a cikinsa, kuma ni na yi shi. Kada ka dogara da shi."

Kullum in ya fito daga aji sai ya zauna ya rubuta goma, wata rana goma sha biyar. Wani ya bar wurin aikinsa, sai Yahuza ya bi sawu har ya samo inda ya koma. Wani ya rasu, sai ya rubuta wa abokan aikinsa. Ana cikin haka kwamiti ya zauna, aka ajiye takardunsa gefe. Waɗanda suka gayyace shi taro suka aiko cewa an cike gurbinsa. A farfajiyar jami'a wasu in sun hango shi sai su sauya hanya. Shi kuwa yana kan wasiƙa ta ɗari biyu da wani abu, bai tsaya ba.

Yawancinsu ba su amsa ba. Wani ya amsa da faɗa, ya ce ka ɓata mini aikin shekara biyu. Yahuza ya ba shi haƙuri, ya wuce na gaba. Sai wata likitar yara daga wata ƙasa mai nisa ta rubuto. Ta ce, "Mun riga mun zaɓi yara tamanin masu wannan alama, ranar Litinin za mu fara tsayar musu da magani. Wasiƙarka ta zo ranar Alhamis. Mun fasa." Yahuza ya karanta, ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka mai isarsa. Sannan ya share ido ya ɗauko suna na gaba, don saura ɗari da talatin. Sai da ya aika ta ƙarshe, bayan kwana arba'in da ɗaya.

Za ku tambaye ni, Malam, ya zama farfesan? Bai zama ba. Ya sake aikin daga tushe, shekara huɗu, ya samo wani ɗan ƙaramin abu na gaskiya, aka kafa hujja da shi sau ashirin da wani abu. Da sunan Dakta ya yi ritaya, da shi aka binne shi. Allah Ya jiƙansa.

Ga darasin, ban ɓoye muku ba. Yin kuskure ba ya zubar da mutum. Abin da ke zubar da shi, ya gane ya yi, sannan ya bar mutane suna tafiya a kai don kada sunansa ya ragu. Kuma tuba ba ta cika da ka ce astagfirullah a ɗakinka, alhali ɓarnar tana yawo a hannun jama'a. Sai ka bi ta inda ta shiga.

Kai magini, ka san ginshiƙin nan ka rage masa rodi, kuma akwai iyali a ƙarƙashinsa. Ke mai sayar da magani, kin gane kin ba da wanda ba shi ba, kin kuma san gidan. Kai da ka tura labarin wane a waya ga mutum hamsin, daga baya ka ji ƙarya ne, ka goge naka ka yi shiru: mutum hamsin ɗin nan har yanzu suna ɗauke da shi da sunanka. Ni kaina da ke zaune a nan, in na faɗa muku fatawa na gane na yi kuskure, wajibi ne in dawo wannan wuri in ce na yi kuskure, ko da za ku daina zuwa.

Kowa ya san nasa. Kada ka ce sai an kwana biyu. In mun tashi daga nan, ka fara da mutum na farko. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka, Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.