Kura da Bargon Tsumman Mahauta

Don Allah kar ku ce ni na faɗa. In sunana ya fita, na shiga uku.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Sanyi ya kusa, Kura ko mayafi ba ta da shi. Ta ga Bushiya ta harhaɗa ƙyallaye ta ɗinka bargo, sai ta je mata.

"Ke 'yar ƙaya, ya ake farawa?"

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, ki tara ƙyalle, ki wanke tas, sannan ki ɗinka."

Kowa gun tela yake roƙon ƙyalle. Ita Kura sai bayan rumfar mahauta, ta kwaso tsumman da suke goge wuƙa.

Bushiya ta ce, "A wanke fa."

"In zubar da wannan ƙamshi a rafi? Ashe ba ki da hankali!"

Ta zauna ɗinki. Ta haɗa biyu, ta kai baki za ta tsinke zare, maiƙo ya taɓa harshe. Ta ce, "Bari in ɗan daidaita gefen nan." Daidaita nan, daidaita can, wallahi har zaren ta haɗiye.

Da sanyi ya sauka, sai ga ta ƙofar Bushiya, haƙora na kaf-kaf.

"Ƙanwata, ɗan sammini gefen naki."

Bushiya ta ƙara duƙunƙunewa ta ce, "Haba, ranki ya daɗe! Ki bari naki ya narke tukuna."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don... wayyo, ku yi shiru, wani na zuwa!